Sadakar bakin ƙofa da sadakar da ke sallama a gida

Duk Bahaushen da ya zauna a Ingila ya san mutanenmu sun fi Turawa sakin hannu. A gida ana ciyayya tsakanin maƙwabta, ana zuwa dubiya da kunu a kwano, ba a cin tuwo baƙo na kallo. Amma akwai abu ɗaya a cocin Katolika na nan da nake ganin mun yi sakaci da shi: mai bayarwa ne ke tashi ya tafi gidan mabuƙaci, ya kuma koma mako mai zuwa. Mu kuwa mun saba talaka ya zo ƙofa ya jira.

Masu wannan aiki su ne ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul, wadda ɗalibi Frédéric Ozanam da abokansa suka kafa a birnin Paris a 1833, ta iso Ingila a 1844. Sunan da suka ɗauka na wani Fada ne Bafaranshe da ya rasu a 1660. A watan Agustan 1617, a garin Châtillon, aka gaya masa akwai gidan da kowa ke kwance ba lafiya. Ya faɗa a wa'azi, jama'a suka yi tururuwa da abinci. Sai ya lura abincin ya yi yawa a rana guda, zai lalace, bayan kwana biyu gidan ya koma yunwa. Ya tara matan garin ya raba musu kwanaki, kowacce da ranar girkinta. A ƙa'idar da ya rubuta musu har ya ce a fara kai wa masu ɗan uwa a kusa, a ƙare da wanda ba shi da kowa, don a samu a daɗe a wurinsa. Wannan ƙaramar magana ita ce ruhin aikin gaba ɗaya.

Tushensa Linjilar Matiyu sura 25, inda Yesu ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa. Shi ya sa Vincent ke kiran talakawa iyayengijinsa, yake kuma gaya wa 'yan sista cewa in mara lafiya ya buƙace su suna tsakiyar addu'a, su tashi, barin Allah ne zuwa ga Allah. Wanda ya yarda da haka ba zai jefa wa mutum kuɗi ta tagar mota ba.

Ga yadda reshe ke tafiya a ikklisiya. Mutane kaɗan ne, da shugaba da sakatare da ma'aji, suna zama duk mako ko duk mako biyu. Ana buɗewa da addu'a da ɗan karatu, sannan kowa ya ba da labarin gidajen da ya je. Ana zagayawa da jaka kowa ya sa hannu a ɓoye, ba wanda ya san abin da na kusa da shi ya jefa, don kada mai kuɗi ya zama shi ke da ta cewa. Ziyara mutum biyu ake yi, ba ɗaya ba: ɗaya na hira, ɗaya na lura, kuma babu ƙofar zargi a kan kowa. A nan Ingila sai an binciki tarihin mutum a hukuma kafin a bar shi shiga gidan tsoho ko inda yara suke. Zuwan farko ba a yin alkawari. Ana duba ko mitar wuta da gas na da kuɗi, ko akwai abin ci a firji, ko yara na da gado, ko akwai wasiƙun bashi da aka tara ba a buɗe ba saboda tsoro. Yawanci ba a miƙa tsabar kuɗi. Takardar sayen abinci ake bayarwa, ko a biya kai tsaye inda ake bin bashin. Ba a tambayar addinin mutum, ba a sa masa sharaɗin zuwa coci.

Inda ake yin tuntuɓe sananne ne. Mai ziyara ya ji tausayi ya yi alkawari a tsaye, taro ya ƙi amincewa, amana ta karye. Ko ziyarar ta koma bincike, ana buɗe tukunyar mutane kamar 'yan sanda. Ko ma'aji ya ƙanƙame asusu yana jiran ranar da ta fi wannan muni, alhali ƙa'idarsu ta hana tara dukiya. Ko sirrin gida ya fita daga ɗakin taro. Kuma a nan Ingila membobi sun tsufa, takardu sun yi yawa, sau da yawa abin da tsohuwa ke nema shi ne wanda zai zauna ya sha shayi da ita, abin da a unguwar Kano ko Kafanchan maƙwabta ke yi ba tare da kwamiti ba.

Ƙungiyar tana nan a ikklisiyoyin Najeriya, amma mu, Musulmi da Kirista, rabon taro ya fi ƙarfi a wurinmu: a sanar da rana, a jibge buhuna, a buɗe ƙofa. A ranar 21 ga Disamban 2024 mutum 10, huɗu daga ciki yara, suka mutu a turmutsutsun rabon abinci a cocin Holy Trinity da ke Maitama a Abuja. A watan Maris na shekarar an yi asarar rayuka a wajen rabon zakka a Bauchi. Masu rabon niyyarsu alheri ce, yunwa ce ta yi yawa. Amma rabon fili yana zaɓar mai ƙarfin ture wasu. Gurgu, mai jego, tsohon da ba ya gani, da mai kunyar roƙo, wanda Alƙur'ani ma ya ambata a Suratul Baƙara cewa wanda bai sani ba zai ɗauka mawadaci ne, duk suna gida.

Abin da zai yiwu ba ya buƙatar kuɗin waje. Mutum 10 su rabu biyu-biyu, kowane biyu su riƙe gida uku, gida 15 ke nan. Sunayen su fito daga bakin waɗanda suka san unguwa: katikis mai koyar da addini a coci, 'yan Zumuntar Mata, mai unguwa, ungozoma, limami. Gidan kulle mata ne za su shiga, da sallama ga mai gida tukun. Buhun masara ɗaya a auna shi da mudu a kai kaɗan-kaɗan duk mako, domin buhu cikakke in ya shiga gidan da ake bin bashi, kafin magariba ya tafi kasuwa. Kuɗin magani a biya a kemis, na makaranta a biya a makaranta a karɓi rasit. A kai kayan da yamma a cikin leda baƙa, ba hoto, ba Facebook. Littafin ƙungiya ya ɗauki lamba maimakon suna, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, kuma bayan wata uku a sake zama a kan kowane gida: wanda jarin ƙosai zai tsayar da shi a ba shi jari, wanda tsufa ya kayar a ci gaba da kai masa mudunsa.