Gicciye ba laya ba ne

Kwanakin baya na shiga mota daga Jos zuwa Abuja, direban ya rataya wani ƙaton gicciye a madubi sai lilo yake, amma irin gudun da ya zabga a gangaren Hawan Kibo sai da hantar cikina ta kaɗa. Na ce ɗana sassauta mana, sai ya ɗan taɓa gicciyen ya ce Baba ai muna da wannan. To a ganina nan matsalar take, mun mai da gicciye laya, abin da kakanninmu ke yi da guru shi muke yi da shi, suna kawai aka canja.

Mun manta asalin abin. Wajen Romawa gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, a tuɓe mutum a kafa shi bakin hanya kowa na gani har ransa ya fita. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu bayi wajen 6,000 aka gicciye a hanyar Roma bayan tawayen da wani bawa mai suna Spartacus ya jagoranta. Irin wannan mutuwar Yesu ya yi a Golgota zamanin Bilatus, shi ya sa Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa wa'azin gicciye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga al'ummai, kuma Kiristocin farko ma alamar kifi suka fi zanawa, sai bayan zamanin Sarki Kwanstantin na Roma, wajen shekara ta 312 zuwa sama, gicciye ya fito fili sosai.

Katolika na sa siffar Yesu a jikin gicciyensu, a lokacin azumi su bi tashoshi 14 na Hanyar Gicciye, mu a ECWA da COCIN namu ba kowa a kai, don tuna ya tashi. Wannan bambancin bai dame ni ba.

Abin da ke damuna wa'azin yanzu ne. Fasto zai tsaya ƙarƙashin gicciye mai fitilu awa biyu, maganar mota da biza da buɗi kawai, gafarar zunubi da yafe wa wanda ya cuce ka ko sau ɗaya ba za ka ji ba. Alhali Luka 9:23 cewa ta yi mai bin sa ya yi musun kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Yaushe rabon da ka ji an karanta wannan ayar a taron kwanan coci?