Ba kowane AVGVSTVS ne Agustus ba

Wani labari ya ce tsabar azurfar da aka gano a wani tarin tsofaffin kuɗi ta Sarki Agustus na Rum ce, wai don an ga AVGVSTVS a jikinta. A yi hattara. Wannan laƙabi ne da sarakunan Rum suka riƙa gada, sunan mai tsabar yana farkon rubutun. In an karanta TI CAESAR DIVI AVG F AVGVSTVS, to Tiberiyus ne, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa 37 miladiyya, kuma DIVI AVG F na nufin ɗan Agustus. A juya bayanta: mace a zaune da rubutun PONTIF MAXIM, dinarinsa (wato tsabar azurfar Rumawa) ke nan da aka fi sani.

Sannan a ɗora ta kan sikelin masu sayar da zinariya. Ta ainihi kusan giram 3.7 ce, faɗinta milimita 18 zuwa 19. Jabunta sun yi yawa ƙwarai, galibi na zubi. A duba gefe da madubin ƙara girma. Layin haɗi ko 'yan ramukan kumfa alamar zubi ce, don Rumawa da guduma suke bugawa. Kuma don Allah kada a goge ta da lemon tsami ko toka, darajarta za ta faɗi.