Kocin da ke cin wasan Janairu tun Agusta yake fara shiri

Duk shekara idan Fabrairu ta kama, ina cikin 'yan tsirarun da ke hana idonsu barci saboda Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda ake take shi da misalin sha biyu da rabi na dare agogon Najeriya. Abokaina masu kallon Firimiya sukan ce ai wannan wasa na ƙarfi ne kawai, ƙatti na ture juna. Ni kuwa abin da ya riƙe ni shi ne mutumin da ke tsaye a bakin fili da takarda a hannu, wato koci.

A gasar NFL kowace ƙungiya tana buga wasa 17, sannan ƙungiyoyi 14 su tsallake zuwa zagayen sili ɗaya ƙwale da ake farawa a Janairu. Daga nan babu gida da waje, babu "sai mun haɗu a wasa na biyu". Ka faɗi sau ɗaya, ka tattara kayanka. Ra'ayina shi ne, kocin da ke yin nasara a nan shi ne wanda ya sa yaransa suka yi atisayen abin da ba kasafai yake faruwa ba, tun kafin ranar ta zo.

Ku dubi Super Bowl na Fabrairun 2015. Seattle Seahawks na yadi ɗaya kacal daga layin ci, saura ƙasa da rabin minti, New England Patriots na gaba da 28 da 24. Duk duniya ta ɗauka za a miƙa wa Marshawn Lynch, ƙaton ɗan wasan Seattle, ƙwallo ya banke kowa ya shige. Bill Belichick, kocin Patriots na lokacin, bai nemi a tsayar da agogo ba, ya bar shi yana tafiya. Seattle suka jefa ƙwallo, sai wani sabon yaron Patriots, Malcolm Butler, wanda babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa, ya sha gaban mai karɓa ya cafke ta. Mutane suka ce sa'a. Alhali an gwada masa irin wannan dabara a atisaye kafin wasan, aka wuce shi, aka gyara masa kuskurensa. Da ya ga yadda 'yan Seattle suka jeru, ya gane abin da ke tafe. Wannan aikin koci ne, ko da yake hannun yaron ne ya kama ƙwallon.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Fabrairun 2024 a Las Vegas, Kansas City Chiefs da San Francisco 49ers. An sauya dokar ƙarin lokaci, ta yadda kowace ƙungiya sai ta samu damar riƙe ƙwallo. 'Yan wasan Andy Reid, kocin Chiefs, sun ce tun sansanin horo na farkon kaka ake karantar da su wannan doka. Wasu 'yan San Francisco kuwa da bakinsu suka ce ba su san da ita ba. San Francisco suka ci kuri'a, suka zaɓi fara riƙe ƙwallo, suka samu maki uku. Chiefs suka karɓa sun san ainihin abin da suke bukata, suka ci 25 da 22. Raina ya ɓaci saboda Kyle Shanahan, kocin San Francisco, don gwani ne na gaske wajen tsara hari, amma dokar da za ta iya raba gardamar kofi bai kamata a bar ɗan wasa ko ɗaya cikin duhu a kanta ba.

Na san abin da za a ce: Belichick ya samu Tom Brady, Reid ya samu Patrick Mahomes, gwanayen masu jefa ƙwallo. Gaskiya ne. Reid ya shekara 14 a Philadelphia babu kofi, ana ta sukarsa kan rashin iya tattalin agogo, sai da Mahomes ya zo ya ɗaga kofi uku. Amma Joe Gibbs, tsohon kocin Washington, ya ci uku da masu jefa ƙwallo uku daban-daban, Joe Theismann da Doug Williams da Mark Rypien. Kuma ranar da Belichick ya doke Los Angeles Rams 13 da 3 a 2019, Brady bai jefa ƙwallon ci ko ɗaya ba. Salon tsaron da ya saba da shi duk kakar Belichick ya sauya, Rams suka rasa inda za su bi.

Shi ya sa nake tausaya wa marigayi koci Marty Schottenheimer. Wasa 200 ya ci a kakar yau da kullum, amma a sili ɗaya ƙwale ya ci 5 ya faɗi 13. A kakar 2006 San Diego ɗinsa ta ci 14 cikin 16. A sili ɗaya ƙwale, suna gaban Patriots da maki takwas, ɗan wasansa ya cafke ƙwallon Brady, maimakon ya kwanta da ita sai ya yi ƙoƙarin gudu, aka fisge ta. Suka faɗi 24 da 21, bayan wata guda aka sallami Marty.