Safar hannu ba ƙyama ba ce

Masu turo mini saƙo tun jiya wai a yi wa mutumin nan da ya yi wa nas faɗa a asibiti kan safar hannu uzuri don hankalinsa a tashe yake, ku yi haƙuri, ba zan yi masa ba. Tawa mahaifiyar ma tana kwance a ɗakin, gado biyu tsakaninta da tasa, yau kwanana shida ina jinya. Hankalin wa ke kwance a asibiti?

Me Sista ta yi? Ta sa safar hannu kafin ta taɓa kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, da ke jikin tsohuwarsa, ta gyara takunkuminta, ta ce 'yan dubiya su fita a bar mai jinya ɗaya. Iyakar laifinta ke nan. Ya hau ta da faɗa a gaban kowa, wai uwarsa take ƙyama. Baiwar Allah ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Alhaji ka yi haƙuri, don lafiyar Hajiya nake yi." Wallahi gaskiya ta faɗa.

Hannun nan da kake so ta taɓa mahaifiyarka da shi haka nan, yanzun nan ya gama wanke gyambon wata, kafin nan ya riƙe wa wata robar amai. Kanula kuwa ƙofa ce a buɗe kai tsaye zuwa jijiyar jini. Abin da ya shiga ta nan ya shiga. Tsohuwa ta zo da hawan jini, so kake ta koma gida da cutar da ba ta zo da ita ba? Safar nan Hajiya ta fara karewa kafin ta kare nas. Ni wadda ke ba ni tsoro ita ce wadda za ta yi ta yawo da safa ɗaya daga gado zuwa gado ba ta canja ba, ita ya kamata a yi wa magana.

Kuma ba ra'ayinta take bi ba, ƙa'idar aiki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta 5 na tsabtace hannu: kafin a taɓa majinyaci, kafin aiki irin su allura da wankin ciwo, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan an taɓa shi, da bayan taɓa gadonsa da kayansa. Da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man goge hannu 20 zuwa 30. Ka lissafa gadajen ɗakin, ka tuna nas biyu ne kacal a aikin dare.

To a ce ma kanta take karewa, laifi ne? Zazzaɓin Lassa da muke ji duk rani, a 1969 aka gano shi a garin Lassa na jihar Borno, kuma ma'aikatan jinya biyu ya fara kashewa kafin ma a san sunansa. A 2014 da Ebola ta shigo Legas, Dakta Adadevoh da ta hana mai cutar fita daga asibiti ta rasu, nas-nas ma sun rasu. Mai Lassa in ya zo, kamarsa ɗaya da mai zazzaɓin cizon sauro, ba a rubuta masa a goshi ba. Allurar da aka yi wa wani in ta soki nas, ciwon hanta ko ƙanjamau na iya biyo baya. Dole ta fara shan maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, ta yi kwana 28 tana sha cikin zullumi. Shi ya sa ba a mayar wa allura murfi, akwatin kwali ake jefa ta. Ita ma 'yar wani ce, da asuba gida za ta koma ta ɗauki goyonta.

Wani ya rubuto mini wai ina tawakkali. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ka fi shi tawakkali ne? Masu cewa ai malaman asibiti sun iya wulaƙanci, akwai masu yi, na gani da idona, amma wannan zance ne na wata rana. Safar hannu ba ta cikinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma, cikin waɗanda aka ce su fita har da mai jariri a baya, ko arba'in bai yi ba. Don Allah mata, me jariri ya zo yi ɗakin masu tari? Mashaƙo ya ci mana yara a Katsina da Kano a 2023, kuma ta tari da atishawa yake yaɗuwa. Ku bar su gida wurin kakanninsu. Sannan kulolin abincin nan da ake jibgewa ƙarƙashin gado, kowa ya zo da tuwo da kunu kamar gidan suna, mara lafiya ko cokali uku ba ta ci, sauran ya kwana a buɗe. Daren jiya da idona na ga ɓera ya fito daga bayan wata kula ya bi ta kan tabarmar mai jinya.