Kafin ku nuna filin da za a yi lambun shaƙatawa a cikin birni

'Yan uwa matasa masu fafutukar a samar wa cikin birnin Kano wurin shan iska, musamman ku da kuka karanci tsara birane, don Allah kada ku fara da zane. Ku fara da tambayar me ya sa filin da kuka hango yake zaune babu gini. A garin da ake rububin wurin kafa shago ko na taku goma ne, fili ba ya zama haka kawai. Ko dai kududdufi ne aka cike da shara, ko tsohuwar maƙabarta, ko kuma ana shari'a a kansa.

Kududdufin ya fi yaudarar mutane. Ramukan nan da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, su ne ke riƙe ruwan unguwa da damina. In an cike an daɓe, ruwan ba zai fasa zuwa ba, gidajen maƙwabta zai nufa. Irin wannan wuri zai iya zama lambu, amma sai an bar ƙwarin ya ci gaba da tara ruwa, a kewaye shi saboda yara, a yi wurin zama a kan tudu. Ku je cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ku duba shatin laka a jikin katangu. Sannan ku haƙa rami mai zurfin santimita 60, ku cika shi da ruwa, in ya tsotse ku sake cikawa. Idan bayan awa 24 ruwan yana nan kwance, saiwar yawancin itatuwa ruɓewa za ta yi.

Wurin da aka taɓa yin bola ko garejin kanikawa, sai an kai ƙasarsa ɗakin gwaji. Dalmar tsohon batir ba ta ƙarewa a ƙasa, kuma yaro yana wasa zai kai hannu baki.

Nisa ma ya fi girma muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla rabin hekta na tsirrai cikin mita 300 daga gida. Amma ku auna da ƙafa, ba da taswira ba. Uwa mai goyo da yara biyu ba za ta tsallake titi mai hannu biyu ba, komai kyan abin da ke ƙetare. Ku koma bayan isha'i: idan bayan katangu ne kaɗai ke kallon filin, babu ƙofar gida ko mai shayi, kun gina wa 'yan shaye-shaye masauki ne.

Ku lissafa ruwa tun yanzu. Dashe 100, kowanne jarka mai lita 25, lita 2,500 ke nan a ban ruwa ɗaya, sau biyu ko uku a mako duk rani, har shekara biyu. In babu rijiyar burtsatse ko mai ɗaukar nauyinta, zafin Afrilu zai kashe su. Darbejiya da maɗaci da tsamiya suna jure fari, sai dai a nesanta su da katanga da kwalbati saboda saiwa.

Takarda kuwa kada ku ɗauke ta da wasa. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka yardar mai unguwa da dattawa, duk da wajibi ce, ba ta isa ba. Ku bincika a ma'aikatar ƙasa da KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, ko an taɓa ba wani filin, ku nemi a auna iyakarsa, a kafa duwatsu, a rubuta shi a matsayin filin jama'a kafin a dasa itace ko ɗaya.