Zauren 'Yan Aji: A Nemi Waɗanda Suka Yi Shiru

Da wuya a yau ka samu wanda ya gama jami'a ba ya cikin zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Ko na 'yan Kongo da Samaru ne a ABU Zariya, ko na BUK, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, salon kusan ɗaya ne. Ranar Juma'a a cika waya da hotunan barka da Juma'a, sauran ranaku kuma sai sanarwa: wane an ƙara masa girma, wance ta kammala digiri na uku a Malesiya, wane ya zama mai bai wa gwamna shawara. Nan da nan "Allah ya sanya alheri" da "Allah ya taya riƙo" su yi ta shigowa.

Ban ga laifin wannan ba, taya ɗan'uwa murna ibada ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu maganar tsiraru ne, kuma kullum su ne dai. Saura suna nan, lambobinsu na cikin zauren, suna karanta komai, amma ba sa cewa uffan. Mun saba da shirun nan har mun ɗauka hali ne. A ganina, ga da yawansu, kunya ce.

Mu tuna irin zamanin da waɗannan mutane suka fito. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati wajen 2017 ya ci karo da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na kusan wata 9 a 2020, sannan wani na wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Karatun shekara huɗu ya koma na shida. Ya fito ya tarar bankuna da manyan kamfanoni suna sa ƙa'idar shekarun haihuwa a tallar aiki, shi kuma yajin aiki ya riga ya cinye masa su. Wani ma ya haura shekara 30 kafin a yaye shi, don haka ko bautar ƙasa bai je ba, takardar sahalewa aka miƙa masa. Ana cikin haka aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma je ka tambayi mai digirin da ke koyarwa a ƙaramar makarantar kuɗi ko abin da yake karɓa ya kai haka. Wanda ya faɗo cikin wannan yanayi bai samu ofis ba, ba lalaci ne ya hana shi ba.

Na san wanda a ajinsu shi ake taruwa a wurinsa daren jarrabawa ya warware wa kowa darasi. Yanzu yana zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa da na'urar POS, da ɗan littafin da yake rubuta shige da fice, da robar da yake jera canji a ciki. Da wannan yake ciyar da iyalinsa, har yana biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Halak yake ci. Amma bai taɓa faɗa wa 'yan ajinsu sana'arsa ba, domin bai taɓa ganin an taya wani murnar buɗe shago a zauren ba.

Lamarin mata ya fi ciwo. Da zarar an haɗu a biki, tambayar farko ita ce, "Ke ina kike aiki yanzu?" In ta ce tana gida, sai a bi ta da "Ayya, digirin ya ƙare a kicin ke nan?" Alhali wataƙila turaren wuta da cincin ɗin da take yi daga ɗakinta suna kawo mata abin da ya fi albashin mai tambayar.

Akwai masu cewa zauren 'yan aji ba ofishin raba aiki ba ne, kuma duk wanda Allah ya ɗaga, roƙo ne ke korarsa: yau kuɗin haya, gobe kuɗin asibiti, har ya gaji ya fice. Akwai gaskiya a nan, kuma ba na goyon bayan a mayar da zumunci bara. Sai dai abin da mai shirun nan ya fi buƙata ba kuɗi ba ne, labari ne. Wanda ke ma'aikata ya san za a ɗauki ma'aikata tun kafin a rufe, me zai rage masa in ya sanar? Wanda ofishinsa ke sayen takardu, ko abincin taro, ko buhunan masara daga Dawanau, me ya hana ya fara tambaya ko akwai ɗan aji mai wannan harka? Wannan ciniki ne tsakanin mutanen da suka san amanar juna tun suna cin garau-garau a kwano ɗaya, ba alfarma ba.

Sai batun gudunmawa, wanda nake ganin shi ya fi korar mutane. A yanka wa kowa naira dubu goma na bikin wane, sannan a riƙa liƙa jerin sunayen waɗanda suka biya safe da yamma. Wanda bai da shi ya ga sunansa ba ya ciki, kowa ma ya gani. Ya kamata a daina. A buɗe asusu, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, ma'aji ya faɗi jimilla kawai. Kuma a ware wani kaso don marayun 'yan ajin da suka rasu, domin sau da yawa iyakar abin da iyalansu ke samu daga gare mu shi ne "Allah ya jiƙansa" na kwana biyu.

Shugabannin zaure suna da lambar kowa. Su raba sunayen waɗanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, kowa ya ɗauki biyu ko uku, ya kira su ta waya, ba a cikin zaure ba. A gaisa, a tambayi iyali, a tambayi sana'a, sannan a nemi izinin mai ita kafin a tallata ta ga sauran 'yan aji.