Yadda na kusa yanke wa idona na hagu hukunci

Ni ne mai riƙe lissafin shagon Kawuna, shagon kayan masarufi na sari. Shekara da shekaru wata tsohuwar manhajar lissafi muke amfani da ita, irin wadda tun kafin a aurar da ni take cikin kwamfutar shagon. Ba ta da kyan gani, amma ba ta taɓa ɓatar mana da kwabo ba, don haka Kawu ya hana a taɓa ta.

Da kwamfutar tebur ɗinmu ta mutu, na lallashe shi ya saya min ta tafi-da-gidanka, 'yar hannu amma tsaf take, allonta inci 14. Na kwafe manhajar na buɗe, sai na ga rubutu ya yi hazo-hazo, kamar ka leƙa titi da sassafe lokacin hunturu. Na goge allon da hankici. Na sake gogewa da gefen rigata. Shiru.

Abin da ya ruɗe ni shi ne agogon ƙasan allo yana nan garau, amma ban tsaya na yi tunani a kai ba. Mutum in ya haura arba'in, duk abin da ya dushe sai ya ɗora wa kansa. Na gaya wa mai ɗakina, ta ce, "Dama na faɗa maka, wayar nan da kake dannawa cikin duhu." Washegari na tsaya wajen mai talla a bakin kasuwa, na gwada tabarau har biyar ina karanta kwalin sabulu, na zaɓi ɗaya. Da na koma shago hazon ya ƙara girma kawai.

Kawu ya tausaya min, ya ce a ɗauko tsohon allon kwamfutar da ta mutu, mai inci 24, a jona min ko manyan baƙaƙe za su taimaka. Na sa wayar HDMI, na ajiye babban allon a dama, ƙaramar a hagu. Na ja tagar manhajar zuwa dama. Wallahi sai ga rubutu tar, kowace lamba tsaye da ƙafarta! Na ce Alhamdulillahi, tabarau ya fara aiki. Na mayar da ita hagu, hazo ya dawo. Dama, tar. Hagu, hazo.

Nan na gano cutar da kaina, ba likita ba asibiti: idona na hagu ne ya tafi. Na rufe shi da tafin hannu ina kallon allon hagu da idon dama, na ga har yanzu hazo, na ce to, ciwon ya fara tsallakawa. A haka wani mai sayen taliya ya shigo ya same ni, hannu ɗaya a fuska, ina juya kai kamar ƙadangare. Ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lissafi nake.

Sannan ga wani abin al'ajabi. In na ja tagar burauza daga ƙaramar zuwa babban allo, rabin da ya fara shiga sai ya kumbura, harufa manya-manya kamar allon kamfen. Da zarar fiye da rabinta ya tsallaka sai ta yi tsalle ta tsuke, kamar an zare mata iska. Sau uku ina sakin linzami don tsoro.

Mai gyaran waya na shagon kusa da mu, wanda duk layin ke kira Injiniya, shi ya raba gardama. Ya kalli allunan biyu bai fi minti ɗaya ba, ya ce, "Yallaɓai, cire tabarau ɗin nan." Ya ce ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, yawansu ɗaya ne a alluna biyun, 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Sai dai ɗaya an cusa su cikin inci 14, wajen ɗigo 157 a kowane inci, ɗayan kuma an baza su a inci 24, wajen 92. Mudu ɗaya ne na gero, wani a kwano, wani a faifai. Don kada rubutu ya zama ƙwayar gero a ƙaramar, Windows ta ƙara girman komai zuwa kashi 150, babban allo kuma yana kan 100.

Manhajata kuwa an rubuta ta a zamanin da kowa ya ɗauka ɗigo 96 ne a inci, shi ke nan, duniya ta tsaya. Ba ta san wani ma'auni ba. A babban allo tana gida, shi ya sa take tar. A ƙaramar sai a bar ta ta zana kayanta a ƙaramin girma, a ɗauki zanen a ja shi kamar roba ya kai ninki ɗaya da rabi. Hazon daga jan ne. Burauza kuma 'yar zamani ce, ana sanar da ita in ta canza allo sai ta sake zana kanta, shi ne tsallen da ke firgita ni. Ya ce tun Windows 8.1, a 2013, aka fara ba kowane allo nasa ma'aunin, aka ƙara gyarawa a 2017, amma tsohuwar manhaja ba ta samu labari ba.

Ya nuna min hanya: danna dama a kan manhajar, Properties, Compatibility, sannan wajen canza saitin DPI, wato yawan ɗigo a kowane inci. Zaɓi uku ne a ciki. Yana cikin bayani aka kira shi, ya fita. Ni kuma da ƙarfin gwiwar wanda aka dawo wa da ido, na zaɓi na farko, Application, wato a bar manhajar ta ji da kanta.

Hazo ya tafi kam. Amma rubutun ya koma kamar jerin tururuwa. Na ce ba komai, ai idona lafiya lau. Da yamma na kira wani Alhaji da ke karɓar kaya bashi, na ce masa saura dubu 80. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ba Kawunka wayar." Dubu 30 ne. Kawu ya shafe minti goma yana ba da haƙuri, yana harara ta ta saman wayar.

Da Injiniya ya dawo ya mayar da ita zaɓi na uku, System Enhanced. Rubutun ya gyaru, amma maɓallan manhajar suka ɗan hau juna, ɗaya ma rabinsa ya ɓuya. Kawu ya ce ya isa haka. Yanzu doka ce a shagonmu, manhajar lissafi ba ta barin allon dama, har ya manna takarda a gefen ƙaramar ya rubuta "Ba a shiga".

Tabarau kuwa yana hancin Kawu. Ya ɗauka don ya duba dubu 30 ɗin nan da idonsa, ya ga ya yi masa daidai, bai dawo da shi ba, kuma bai ce zai biya ni ba.